Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Unguwa na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan ƙungiya. Ga rahoton shekara kamar yadda tsarinmu ya ɗora wa sakatare. Ya makara, domin ma'aji ya kasa rufe littafi yana jiran kuɗin wata-wata da har yanzu suke hannun mutane.

An yi taron kowane wata in ban da na Agusta, wanda dokar hana fita ta hana bayan zanga-zangar 1 ga wata. Masu zuwa su ne dai fuskokin da kuka sani.

Maganar shara ce ta cinye mana shekarar, don haka zan tsaya a kanta. Kowa ya san yadda muke a da: yaro ko mai baro ya ɗauka, a ba shi abin da ya samu, ya kai bolar bayan firamare, da rani manoma su zo su kwashi taki. Da gidaje suka kewaye bolar, ƙaramar hukuma ta rufe ta, ta miƙa unguwanninmu ga ɗan kwangila. Ba mu ja da wannan ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma yaran makaranta sun huta da hayaƙi da ƙudaje. Abin da ya sauya shi ne wanda ke biya. Ba daga asusun hukuma ake sallamar ɗan kwangila ba, daga ƙofar gidajenmu yake karɓa.

Sau biyu aka yi mana ƙari a bana, har kuɗin ya doshi ninki. Na ji ana cewa wai kwamiti na da kaso a ciki. Wallahi maganar ta yi mana ciwo, mu da muke zuba man babur daga aljihunmu muna zaryar sakatariya. To bari in faɗi yadda lissafin yake, don mun zauna da mutumin har sau uku ya buɗe mana littafinsa.

Shi da sawu yake lissafi. Mota ta shigo, ta cika, ta tafi juji a bayan gari, ta dawo: man gas, direba, leburori, taya, gyara. Litar gas ta daɗe da haura naira 1,000. Ƙananan a-kori-kura da ke shiga lungunan da babbar mota ba ta iya kutsawa fetur suke sha, shi kuwa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200, a watan Oktoban bana ya tsallake 1,000. A Yuli aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Kano ta yi nata 71,000, leburorinsa su ma suka ce sai an duba su, kuma da gaskiyarsu, duk wanda ya ga yadda suke dambe da shararmu da hannu ba safa ba zai ce sun yi yawan roƙo ba. Waɗannan duk ba su hannunmu.

Dalilin ƙari na ƙarshe shi ne namu. Kuɗin sawu ɗaya ne, ko gidaje duka sun biya ko rabi. In rabi suka biya, a kansu ake raba shi. Na ga shafin layin masallaci da idona, jan biro ya fi baƙi yawa, kuma akwai manyan gidaje masu get da rijiyar burtsatse a cikin masu jan. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shigo: mutum ya ƙi yin rajista, sai dare ya yi ya aiko yaro da ƙullin leda a jefa a duron maƙwabci. Da safe bazawarar da ta matse ta biya ta tarar duronta ya cika ya zube, awaki sun watsa. Motar kuma ta ɗauki kayan gida biyu a kuɗin gida ɗaya. Duk wanda ke tambayar wa ya jawo ƙari na biyu, ga amsarsa.

Ba wanke ɗan kwangila nake yi ba. A tsakiyar damina ya yi makonni bai leƙo ba, ya ce mota na gareji, amma ƙarshen wata yaransa suka zo karɓar kuɗi cif. Rasit ɗinsa ba hatimi. Gidan haya mai ɗaki goma da gidan mutum ɗaya kuɗinsu ɗaya, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Mun rubuta wa ƙaramar hukuma muna neman kwafin yarjejeniyar, mu san ranakun da aka yanka masa da wanda ke da ikon amincewa da ƙari, kuma a rage wa gidajen marayu da zawarawa. Ana cikin bin takardar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 26 ga Oktoba, sababbin mutane suka hau, muka koma farko. Mun sake kai wata. A ciki mun tuna musu hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli da ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muka roƙi in kuɗin sun fara isowa a ɗauke wa talaka wani ɓangare na sawun. Mun dage kan ganin takarda ne don ba mu manta ba, a 2021 gwamnatin jiha ta taɓa damƙa sharar birni ga wani kamfani, ba a yi nisa ba aka soke, tituna suka cika. Abin da muka iya samu zuwa yanzu shi ne an zaftare ƙari na biyu, kuma an samu ne don mun ajiye masa jerin gidajen da ƙungiya ta tsaya musu. Da jerin ya fi haka tsawo, da ragin ya fi haka.

Yanzu ga abin farin ciki. Gayyar yashe kwata da muka yi Asabar ɗin tsaftar ƙarshen Mayu, ban taɓa ganin irinta ba tun da na tare a unguwar nan. Ana sallame Asuba Malam Liman ya yi sanarwa, kafin rana ta fito matasa sun cika layi da shebur da diga da manjagara da baro. 'Yan ƙwallo suka ɗage wasansu suka shiga kwata har gwiwa. Iyayenmu mata suka aiko da kunun tsamiya da ƙosai a manyan kuloli, ba wanda ya roƙe su. Wani dattijonmu da ƙafa ba ta barinsa tsayuwa aka kawo masa kujera bakin kwata, yana nuna wa yara da sanda inda tsohuwar hanyar ruwa ta bi kafin a yi gine-gine, aka haƙa aka same ta daidai inda ya ce. Abin da aka fito da shi sai wanda ya gani: ledar fiya-wata tuli-tuli, tayar babur, tsohuwar katifa da ta toshe bakin kwalbati ita kaɗai. 'Yan jari-bola suka saye robobi da ƙarafa nan take, kuɗin muka haɗa muka zuba wa motar ɗan kwangila mai, shi kuma ya ba da ita kyauta, wannan kam mun yaba masa. Kafin Azahar an kwashe komai, ba a bar tsibin laka a bakin hanya ya koma inda ya fito ba kamar yadda aka saba. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi na fita da tocila na duba layin gangare. Ruwa na wucewa abinsa. Gidajen da bara suka kwana suna kwarfa da bokiti, bana barci suka yi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya yi wa yaran nan albarka.

Kwalbatin mashigar layin masallaci bai kammalu ba, na san shi za a fara tambaya. Mun yi ƙiyasi, farkon shekara buhun siminti ya haura naira 10,000, ƙiyasin ya rushe. Sannan da bashin shara ya taru ɗan kwangila ya ce zai janye mota, taro ya amince a ranta daga kuɗin kwalbati a toshe. Yana cikin rubutaccen bayanin taron, da sa hannun shugaba. Ba a ci kuɗin kowa ba, rodin da aka saya yana ajiye a gidan Mai Unguwa. Fitilun sola ko farawa ba a yi ba. 'Yan sintiri suna binmu wata biyu, kuma ba su fasa fitowa ba ko dare ɗaya.

Mu huɗu ne ke bin gidaje. Ka yi sallama a ce maka Alhaji ba ya nan, ga motarsa a ƙofa. Ka koma a ce ka dawo bayan albashi. Wasu ba su taɓa taka taro ba, amma da mota ta yi lattin kwana ɗaya su ne farkon turo hoto a zauren WhatsApp suna tambayar ina kwamiti. Mu ma muna da iyali da sana'a. Wanda ba shi da hali mun san halin da ake ciki, ya same ni ko ma'aji a keɓe, ba mai jin sunansa, akwai waɗanda suka ɗauki nauyin irin waɗannan gidaje. Wanda yake da shi ya hana, kwamiti ya yanke cewa daga sabuwar shekara za a cire gidansa daga jerin ƙungiya, ya yi ciniki da ɗan kwangila shi kaɗai a farashin waje.

Taro na gaba Lahadin farkon wata ne bayan La'asar, a ƙofar gidan Mai Unguwa. Ma'aji zai karanta shiga da fita dalla-dalla, kowa ya zo da rasit ɗinsa. Muna kuma neman mutum biyu daga kowane layi da za su riƙa rubuta ranar da mota ta zo da ranar da ba ta zo ba, don da wannan littafin za mu koma sakatariya.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa