A Haska Filayen Saukar Jirage Masu Saukar Ungulu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin jan hankalin hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, da masu asibitoci kan haska filayen saukar jirage masu saukar ungulu da ke ɗaukar marasa lafiya. Haɗarin mota da naƙuda ba sa jiran wayewar gari, amma zana babban harafin H a kan siminti ba ya sa fili ya karɓi jirgi cikin dare.

Ƙa'idar hukumar ICAO, mai kula da sufurin jiragen sama a duniya, wadda Najeriya ke cikinta, a bayyane take. Koren fitilu ne za su kewaye inda jirgin zai dira, tazararsu kada ta wuce mita 5 idan filin a ƙasa yake, mita 3 idan a saman bene yake. A haska tutar da ke nuna alkiblar iska, a sa jajayen fitilu a kan dogayen turakun sadarwa da ke kusa. Manyan fitilun haska fili kuwa a karkata su ƙasa, domin idan suka dallare matuƙi, gara babu su.

Abin da ya fi damuna shi ne wutar lantarki. Jirgi na gab da dira a ɗauke wuta, ana jiran wani ya je ya tada janareta? Dole a haɗa fitilun da batir mai karɓa nan take. Ga kuma hazon hunturu, ga ƙurar da farfelar jirgin ke tayarwa har ta rufe wa matuƙi gani. Saboda haka a daɓe kewayen filin, a riƙa share shi.

Wassalam,
Mai karatu daga Kaduna