A Koya Wa Ɗaliban Sakandare Rubuta Sharhi, Hadda Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da 'yan'uwanmu malaman Hausa na makarantun sakandare a Jihar Bauchi.

Ɗalibin aji shida mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO zai zayyano maka jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe tiryan-tiryan. Amma miƙa masa waƙar da bai taɓa gani ba, ka ce ya faɗi ko ta yi kyau da dalilinsa, sai ka ji "ta faɗakar, ta ilimantar, ta nishaɗantar". Hadda ke nan. Sharhi kuwa hukunci ne da mai karatu ke yankewa, ya kafa hujja da abin da ke cikin aikin. Ana iya koyar da shi a zango ɗaya, da darasi guda na minti 40 a kowane mako.

A fara da ƙaramin abu: rubutacciyar waƙa mai baiti takwas zuwa goma, ko labari mai shafi biyu, ko fitowa ɗaya ta fim da ba ta wuce minti biyar ba. Cikakken littafi ba ya yiwuwa a farko, don kwafi ba ya isar aji, lokaci ma haka. Kuma kada a fara da waƙoƙin manya irin su Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin Bauchi da ya rasu a 1958. Yaro ba zai iya buɗe baki ya ce baitin Malam ya yi rauni ba, sai dai ya jera yabo. A rufe sunan marubuci a makonnin farko, a bari sai an gama muhawara a faɗa.

Karatu sau biyu ake yi. Na farko biro a ajiye. Idan waƙa ce a rera ta da murya, domin karin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, kuma kunne ya fi ido saurin kama inda ya karye. A karo na biyu kowa ya raba shafinsa gida biyu. A hagu ya rubuta abin da za a iya nunawa da yatsa: amsa-amo ya sauya a baiti na uku, ɗango (wato layin baiti) na biyu ya fi 'yan'uwansa tsawo, an maimaita kalma ɗaya sau huɗu, kiɗa ya ɗauke lokacin da uwa ta shigo ɗaki. A dama ya rubuta abin da hakan ya jawo wa mai karatu ko mai kallo. Duk abin da ke dama wanda ba shi da abokin zama a hagu, a soke shi.

Daga wannan shafi ake gina sharhin, kalma 250 sun wadatar. Sunan aiki da nau'insa da mai shi a layi biyu, taƙaitawa da ba ta haura kalma 50 ba, sannan batu biyu kowane da hujjarsa, sai hukunci da wanda aikin zai yi wa amfani. Ƙayyade taƙaitawar dole ne, in ba haka ba ɗalibi zai cinye shafin da ba da labari daga farko har ƙarshe, ya ɗauka ya yi sharhi.

Inda aka fi shan wahala shi ne raba aiki da mai aikin. Tarbiyyarmu ta hana yaro kushe na gaba da shi, kuma abu ne mai kyau, amma sai a nuna masa cewa faɗin "wannan babi ya ja tsawo ba dalili" ba rashin kunya ba ne. Wasu kuma da zarar an ba su dama sai su koma irin zagin da suke gani a Facebook, su bar fim su kama rayuwar 'yar wasa. Doka ɗaya ke maganin duka biyun: ba a ambaton halin marubuci ko ɗan wasa, sai abin da ke kan takarda ko allon kallo. Akwai kuma masu juya sharhi ya zama wa'azi, su ce littafi bai yi kyau ba saboda akwai mugu a ciki. Tambayar da za a maido su kanta ita ce, marubucin ya sa ka yarda da muguntar mutumin nan? Da wace magana, a wane shafi? Su tattauna darasin labarin, ba laifi, amma a sakin layi na daban.

Wajen ba da maki, a raba 20 kamar haka: hujja 8, hukunci 4, gabatar da aiki 4, daidaitacciyar Hausa 4. Kada malami ya ba da maki don ra'ayin ɗalibi ya zo daidai da nasa. Yaro na gane haka zai koma hasashen abin da malam ke so. A ajin da ya kai mutum 70 ko fiye, a yi musayar takardu, kowa ya ja layi ƙarƙashin hujjojin ɗan'uwansa, malami ya karɓi goma a mako bi da bi. Rubutun farko a cikin aji za a yi shi, don wanda aka tafi da shi gida yakan dawo da kalmomin da aka kwafo daga waya.

Abin yin sharhi kuwa bai tsaya ga littafi ba. Akwai wasan kwaikwayo na BRC, gidan rediyon Jihar Bauchi, da kiɗan fada a hawan Sallah, da aikin hula a kasuwar Wunti. Hubbaren Tafawa Balewa ma darasi ne sukutum: a bi da ɗalibai ta duhun hanyar shiga har su fito fili inda kabarin yake ba rufi, kafin a yi musu wani bayani, su rubuta abin da maginin ya yi da haske da duhu, da ko ya cim ma nufinsa.

Muna kira ga kwalejojin ilimi na Azare da Kangere su sa ɗalibansu su rubuta sharhi da hannunsu kafin su fita koyon koyarwa. Kai kuma, Malam Edita, da za ka ware rabin shafi sau ɗaya a wata ga sharhin ɗalibai, da sunan makarantarsu a ƙasa, za mu riƙa tacewa muna aiko maka.

Mun gode.

Daga wasu malaman Hausa,
Bauchi.