Auta, ki ba keken nan safiyarki

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan kun tashi lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona, ya zafi kuma? Mu dai nan Birni tun ƙarfe goma bangon ɗaki ke fara hura wuta. Saƙon nan zai yi tsawo, ki samu wuri ki zauna ki karanta shi a natse. Ban yi miki bokal ba don na san kina ji kina wani abu daban, rabi ya shiga rabi ya zube. Kuma ranar Talata da na wuni gidanki ban iya buɗe baki ba saboda ƙanwar mijinki na zaune, ba ni ce zan kwance miki zane a kasuwa ba.

Na iso wajen ƙarfe 8 na safe, na tarar da shuɗiyar shaddar nan ta matar Sabon Gari a kan keken ɗinki, kin yanka, hannun riga guda na ƙarƙashin allura. Na tashi tafiya bayan la'asar, hannun rigar nan yana nan inda na same shi, ko zaren ba ki tsinke ba. Kuma abin da ya tsaya mini a rai, wallahi duk wunin ban ga kin zauna kin huta ba. Kin share tsakar gida sau biyu, kin sauke kwanukan cikin armuwar kin goge kin mayar alhali ba su yi ƙura ba, kin cire labule kin jiƙa, maƙwabciya ta shigo aron rariya kuka tsaya bakin ƙofa har inuwa ta matsa, ga salula tana ta ƙyal-ƙyal kina dubawa, wai a grup ɗin ƴan promo, ƴan ajinku na makaranta, ake gardamar kalar ankon bikin da sai bayan damina za a yi. Lokacin da kika shiga wanka na duƙa na ƙirga ledojin mutane da ke ƙarƙashin gado, 14 ne, kowace da takardar awo a ciki. Saura kwana 33 babbar salla.

Ke ba raguwa ba ce, ni na haife ki na sani. Shi ya sa ma abin ya fi ba ni tsoro. Da kwance kike wuni da sai in yi miki faɗa ki tashi, magana ta ƙare. Amma wanda ke wuni a tsaye yana ƙananan hidimomi, dare ya yi ya kwanta da ciwon baya, shi gani yake ya yi aiki, ba wanda zai iya ce mishi komai, ko shi kanshi ba ya tuhumar kanshi, sai ranar da masu kaya suka yi sallama.

Ke ƴar Damagaram ce, ba sai an koya miki abin da ake fara yi da abin da ake bari ba, pampo ya riga ya koya mana. Garin nan kan dutse yake zaune, dubi duwatsun da ke kewaye da Birni, ruwa bai taɓa yi mana sauƙi ba, har cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926 akwai ƙarancin ruwa, kuma har gobe daga nesa ake jawo mana shi, su Gogo da Machaya, su Arunguza da Ganaram. Kin tuna kina ƙarama in pampo ya yi tari ƙarfe 3 na dare yadda nike tashinku ke da yayyenki? Randar sha ake fara cikawa, sannan bidon na girki, sannan na alwala da wanka, in ya rage a tara na wanki. Akwai daren da kika ɗauki tiyo za ki ba bishiyar lemun nan ruwa randa na wayam, na karɓe daga hannunki kika yi ta kuka. Ba don ba na son lemun ba, ni na dasa shi. Don ban san minti nawa ruwan zai yi kafin ya ɗauke ba.

To safiyarki ma haka take zuwa. Daga sallar asuba zuwa wajen 10 da rabi, nan ne kanki ke sabo, ido na gani tar, yaro bai fara rigima ba, ɗaki bai ɗau zafi ba. A watannin nan na Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40, wa ke iya ɗinkin kirki ƙarfe 2 na rana gumi na ɗiga kan shaddar mutane? Da sanyin safiya ake kama fara. Ke kuma wannan lokacin mai tsada shi kike rabawa tsintsiya da labule da grup, sai rana ta take ki zo ki zauna gaban keke a gajiye, ki yi layi biyu ki ce bari dai sai an jima. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya roƙa wa al'ummarshi albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, da farkon yini yake tura hajarshi, ya kuma yi arziki. Babanki ya sha karanta muku wannan, ban sani ba ko kin riƙe.

Yanzu bari in faɗa miki abin da nike zato, in na yi kuskure ki gyara mini. Ina jin ba shara ce ta dame ki ba, tsoron shaddar nan kike. Mai tsada ce, matar ta kawo miki hoton wani wuya da ba ki taɓa yi ba, kina gudun ki ɓata. Na lura sau uku kina zuwa gaban keken, ki ɗaga rigar ki juya ta, ki ja numfashi, sai kawai ki tuna wai ba ki jiƙa wake ba. Haka zuciya take yi, in babban aiki ya yi mata nauyi sai ta nemo miki ƙarami mai sauƙi wanda za ki gama nan take ki ji daɗi, kwano in kin goge ya yi ƙyalli a take, amma wuyan riga sai kin yi awa kina fama ba ki san ko zai fito ba. Maganin wannan ba wuya, ki samu tsohon ƙyalle ki gwada wuyan a kai sau ɗaya ko biyu, in ya zauna sai ki hau shaddar. In ya ƙi, ki kira matar tun yanzu ki ce Hajiya wannan model ɗin ban ƙware da shi ba ga wanda na iya, ta zaɓa. Ta ji haka yau ya fi ta ji shi daren salla.

Na san wannan ciwon don na yi shi. Shekarar farko da na zauna jarrabawar CAP, ta ƙwarewar malaman makaranta, lokacin ina koyarwa babanki kuma an kai shi aiki Tanut, faɗuwa na yi. Ba don ban iya ba, a Ecole Normale Askia Mohamed ina cikin na gaba a ajinmu. Amma duk sunan da aka yi a unguwa ina can, duk biki ni ce mai rabon goro, adashi ni ce uwa, littafin kuma yana kan tabur kullum ina cewa gobe. Ranar da sakamako ya fito na rufe ɗaki na yi kukan da ban taɓa yi ba, kuma cikin duk waɗanda na yi wa hidima ba wadda ta san ma na zauna wata jarrabawa, kuma ba laifinsu ba ne, ni ban taɓa ce wa kowa ina da abin yi ba. Shekarar da ta biyo na ɗauki awa guda da rabi bayan asuba, da fitilar ƙwai, kafin kowa ya motsa. Shi kenan abin da na canza, na kuma samu.

Mu yi lissafi tare. Riga da zane da ɗankwali, in ba mai aiki da yawa ba, awa 4 ya ishe ki, na sha ganin kin yi. In kika zauna 6 da rabi kika tashi 10 da rabi, kaya guda ya fita. Kaya 14 kwana 14 kenan, ki cire Juma'a ki huta, ki ƙara kwana 3 ko 4 don masu wahala irin shaddar nan, har yanzu kina da sauran fiye da sati na gyare-gyare, wannan ta ce ya matse ta wannan ta ce a rage tsawo. Kin ga lokaci bai ƙure ba. Amma in kika ƙara sati biyu irin na ranar Talata, to za ki shiga sahun telolin da ke kwana kan keke daren salla suna kashe waya, kuma kin karɓi abans ɗin mutane, jikka biyu nan jikka uku can, kin riga kin sa a cefane. Wannan kuɗin bashi ne a wuyanki har sai kaya sun fita. Kar ki ƙara karɓar ko ƙyalle ɗaya kafin ki sallami rabi, ko ƴar uwata ce ta aiko.

Kuran ma ki yi dabara da shi tunda ba shi da alkawari a wannan zafin. Kekenki na ƙafa ne alhamdulillahi, amma surfila, ɗinkin bakin ƙyalle, da guga sai da wuta, to duk lokacin da kika ga akwai ki tara su ki yi gaba ɗaya, yanka da sa maɓalli da kalmasa ki ajiye wa lokacin da aka ɗauke.

Sai salula. Ba zan ce ki yar ba, da ita kliyan ke samunki, da ita nike jin muryar jikana. Ki shiga parametir, akwai wurin da aka rubuta Bien-être numérique, zai nuna miki awa nawa kika yi jiya da kuma inda suka tafi, ki duba ke kaɗai ba sai kin faɗa mini ba. Grup ɗin WhatsApp kuma ana iya sa mishi shiru, na awa 8 ko sati guda ko har abada, kuma ba wanda zai san kin yi. Da safe ki kashe koneksiyon kawai ki bar layi a buɗe, ki ajiye wayar a ɗaya ɗakin, mai maganar gaggawa kira zai yi, ni ma kira zan yi. Ki rubuta a statu cewa kina amsa saƙo bayan azahar, kwana uku kowa zai saba. Kuma zancen wai kina shiga TikTok neman model, Auta, model ɗin da za ki ɗinka 14 ne kuma duk masu su sun riga sun zaɓa. Forfe ɗinki na intanet ma zai riƙa kai miki kwanakinshi.

Maƙwabta su ne abu mai nauyi, na sani, garin nan ba a rufe ƙofa, kuma ba na so a ce ƴata ta zama mai girman kai. Ba korar kowa za ki yi ba. Ta yi sallama ki amsa da fara'a, ki ce bismilla shigo ga tabarma, ki yi haƙuri hannuna na kan kayan salla, ƙafarki kuma kar ta sauka daga keke. Mai son hira da gaske za ta zauna ku yi kina ɗinki, mai neman abokin kashe lokaci da kanta za ta tashi. Bayan la'asar ke ki ɗauki mayafi ki leƙa ta, zumunci bai ragu ba. Hadisi na 12 cikin Arba'una da kuka haddace a islamiyya, na barin abin da ba ruwanka, ki dawo ki karanta shi, rabin abin da ke cin wuninki labarin mutanen da ba su san kina yi ba ne.

Kar kuma ki ɗauki maganata ki wuce da ita gona da iri. Salla a kan lokacinta, abincin maigidanki, yaro in jikinshi ya yi zafi, rasuwa a unguwa ko a dangi, waɗannan in sun zo keke ne ke jira, ki rufe shi ki tashi ba tare da wani tunani ba. Abin karin safe ki haɗa kayanshi tun dare, shara sau ɗaya ta isa, labule ba ya mutuwa in ya kai Juma'a.

Na sa yayanki ya kawo miki kaye sabo mai shafi 100 da bik, yana nan zuwa da yamma. Kowane dare kafin ki kwanta ki rubuta sunan mai kayan da za ki yi gobe, guda ɗaya, ki fiddo ledarta ki ɗora kan keke, ki sa zaren kalar a allura ki cika bobin, yadda in kin sallame asuba ba sauran tunanin da me zan fara. Gobe shuɗiyar shaddar nan ce. Ɗan angon nawa kuma ki riƙa aiko mini shi da safe in babanshi zai fita aiki, tunda hanyarshi ce, ya wuni nan wajena har azahar daga yanzu zuwa salla, na riga na yi wa babanki magana ya ce to.

Ranar Alhamis zan shiga kasuwar Dole, ki turo mini kalolin zaren da suka ƙare miki da yawan zif ɗin da kike so tun daren Laraba, sai in biyo ta gidanki in aje miki. Ba zan zauna ba, a bakin ƙofa zan miƙa miki in wuce. Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina mishi godiyar mangwaron da ya aiko. Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a hannunki.

Innarki