Kokenmu ga Ciyaman na Jos ta Arewa kan darasin labarin ƙasa a makarantar yaranmu

Ranka ya daɗe, muna gaisuwa da fatan alheri.

Mu ne iyayen yaran da ke karatu a wata firamaren Katolika da ke unguwarmu, Kirista da Musulmi duk muna ciki, don makarantar mishan ba ta taɓa korar ɗan kowa ba. Abin da ya kawo mu maganar labarin ƙasa ce, wato jogirafi.

Ranka ya daɗe, taswirar Najeriya ɗaya tal ce a makarantar nan, ana yawo da ita daga aji zuwa aji, duk ta yayyage an liƙe ta da salatif, kuma wallahi ta tun zamanin jihohi 30 ce, babu Nasarawa a ciki, jihar da aka cire daga Filato tun 1996. Yarinyar ɗaya daga cikinmu ta dawo gida tana musu wai Lafiya a Filato take, don da idonta ta gani a bango. Ba laifin malamar ba ne fa, baiwar Allah da alli take zana komai a allo, Sista kuma ta ce kuɗin makaranta da ƙyar yake biyan albashi, mu ma mun san haka don mu ne masu biya a makare.

Abin da ya fi ci mana rai, yaran sun haddace Kogin Nilu da Hamadar Sahara amma ka tambaye su Kogin Dilimi da suke tsallakewa kullum daga ina yake tahowa, shiru. Ba su san garinsu yana sama da mita 1,200 daga teku ba, shi ya sa sanyinmu ya fi na Kano da Bauchi, shi ya sa dankalin turawa yake yi a Bokkos da Mangu. Ba su san Kogin Kaduna da Gongola daga tudun nan namu suke tasowa ba. Duwatsun Shere ga su nan muna hangowa daga ƙofar gida, yawancinsu ba su taɓa taka wurin ba.

Kuma abin ya wuce cin jarrabawa. Kududdufan Rayfield da Bukuru ramukan haƙar kuza ne da aka bari, gefensu a tsaye yake, zurfi ba a magana, yaro yana ganin ruwa lumui sai ya ɗauka tafkin wanka ne. Mun kuma tuna ambaliyar Yulin 2012 da abin da ta yi a Rikkos da Gangare. Yaron da aka nuna masa yadda ruwa ke gangarowa daga tudu ba zai tsaya wasa bakin rafi ba in hadari ya haɗo.

Roƙonmu dan Allah a taimaka mana da sabuwar taswirar Najeriya mai jihohi 36 da ta Filato mai ƙananan hukumomi 17 a kowane aji, da ƙwallon duniya ko guda biyu ne. Sai kuma aron bas sau ɗaya a zango, a kai 'yan aji biyar da shida su ga Shere da dutsen Riyom da ruwan Assop. Mai da abincin yara mu iyaye mun ɗauka, Fada ma ya yarda malamai biyu za su raka su.

Iyayen da suka sa hannu suna shafi na gaba, duk ranar da aka neme mu a sakatariya za mu zo.

Allah ya ja zamaninka.
Iyayen yara