Wasiƙa zuwa ga Laminu a Maraɗi

Laminu mutumina, salamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya su Ummi? Tun azumi rabon da mu yi hira mai tsawo, kai kuma ka ƙware wajen buɗe saƙo ka yi gum. Dama tambayarka zan yi kan bikin Nura, amma bari in fara da maganar 'yar'uwata Dije don ita ce ta tsaya min a rai kwanakin nan.

Ka san tana aiki a kamfanin leda a Sharaɗa, ɓangaren zuba kaya a kwali, shekararta uku kenan a wurin. Yanzu ciki ya tsufa, ƙafa ta kumbura har silifas ba ya shiga, aikin kuma a tsaye ake yinsa tun safe har la'asar. Ta je wajen manaja neman hutun haihuwa sai ya ce ta tafi abinta amma babu ko kwabo, in ta dawo ta tarar an cike gurbin kuma shi ba ruwansa. Ta zo gida tana hawaye, Inna sai haƙuri take ba ta, ni kuwa wallahi raina ya ɓaci.

Da daddare na samu Barista Kabiru a majalisa, ya buɗe min Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974 a wayarsa muka bi tare. Sashe na 54 ya ce mace na da mako shida kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, da mako shida bayan ta sauka, kuma in ta kai wata shida a aikin dole a biya ta aƙalla rabin albashi, sannan haramun ne a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutun. Har shayarwa an ware mata, rabin awa sau biyu a rana in ta koma. Laminu, shekara hamsin da wani abu dokar nan tana nan amma yaran da ke cikin kamfanin ko ɗaya ba ta taɓa jin labarinta ba!

Washegari Barista ya rubuta wasiƙa gajeriya, muka haɗa da takardar asibitin da take awo, Dije ta kai da hannunta. Ka ga mutumin da ke ɗaga murya sai ya koma "ai ba a fahimce ni ba ne". Alhamdulillahi ya sa hannu, mako goma sha biyu da rabin albashi. Rabin ma ba wani abin kirki ba ne da tsadar nan, amma gurbinta na nan.

Af, Sale ya sayar da babur ɗinsa ya sayi Adaidaita, yana ta cika baki sai ya biyo ka bashin nan har Maraɗi ta Jibiya. Ka shirya.

Abin da ya fi ɗaure min kai hutun shekara ne. Dokarmu kwana shida kacal na aiki ta ce, bayan ka cika wata goma sha biyu, rashin lafiya kuma kwana goma sha biyu in likita ya tabbatar. Ku a Nijar ai kwana biyu da rabi ne kowane wata, talatin kenan a shekara, shi ya sa kake ta ƙiba kana turo mana hoto a gindin tukunyar shayi. Ma'aikatan gwamnatin tarayya su da sauƙi, mata na samun mako goma sha shida na hutun haihuwa, maza ma tun 2021 aka amince musu da kwana goma sha huɗu in matarsu ta haihu. Amma su Dije kwana shidan nan na hutun shekara ma ba a ba su, ana haɗa musu da hutun Sallah a ce ai kun huta. Alhali Sallah ƙarama da babba da Mauludi, da ranar ma'aikata 1 ga Mayu, da 12 ga Yuni, da 1 ga Oktoba, da Kirsimeti da Ista duk hutun ƙasa ne, ministan cikin gida ke sanarwa, lissafinsu daban.

Tsorona yanzu sauran yaran. Yawancinsu ba su da takardar ɗaukar aiki, bayan doka ta ce cikin wata uku a ba ka sharuɗɗanka a rubuce, to in an kore ka da me za ka je Kotun Ma'aikata? Akwai wata ƙawar Dije, marainiya ce, ita ma ciki gare ta, tana ɗaure shi da zani kar a gane. Barista ya ce ta zo Asabar, ina roƙon Allah kar tsoro ya hana ta.

In Dije ta sauka lafiya zan kira ka, mijinta ya ce in namiji ne sunan Baba zai mayar. Dan Allah in akwai mai tahowa ka aiko wa Inna da cuku, kullum sai ta yi min mita. Ka gaishe da Hajiya da amarya.

Naka,
Bashir