Tsoron da Muke Yi wa Inhela Yana Cutar da Masu Asma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan ciwon asma, wanda iyayenmu ke kira fuka, ganin hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe gari, ga kuma ƙaiƙayin casar shinkafa da hayaƙin ƙona tattaka a fadamunmu na Argungu.

Ɗana yana da shekara shida ciwon ya bayyana gare shi. Cikin dare sai mu ji ƙirjinsa yana fito kamar usur, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa duk sa'ad da ya ja numfashi. Da likita ya rubuta masa inhela, wato ɗan bututun maganin da ake shaƙa ta baki, kakarsa ta hana, ta ce wanda ya fara shaƙa ba ya bari, ni kuma na biye mata. Shekara uku muka yi muna zaryar kemis, yau allura gobe ƙwayoyi, har kumatun yaron suka cika muna murna wai ƙiba ya yi, ashe illar ƙwayar prednisolone ce da aka sha ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, hanyoyin iska na huhun mai asma a kumbure suke ta ciki, kuma da zarar ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa su sai su tsuke. Saboda haka inhela iri biyu ne. Mai ɗauke da salbutamol, wanda galibi shuɗi ne, yana buɗe ƙirji cikin 'yan mintoci amma ba ya taɓa kumburin. Na biyun, mai ɗauke da beclometasone ko budesonide, shi ne na kariya, ana shaƙarsa kullum ko da lafiya lau ake, sannan a kurkure baki. Babu wanda ke kama jiki a cikinsu, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ƙwaya. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta huda mana gindin gorar ruwa ta roba ta cusa bakin inhelar, yaron yana shaƙa ta bakin gorar, maganin yana isa huhu maimakon ya tsaya a maƙogwaro. Mun kuma daina kunna igiyar leƙo da turaren wuta a ɗakin da yake kwana, ko da yake wannan na biyun sai da aka kai ruwa rana da mahaifiyarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 455,000 ne asma ta kashe, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da hukumar inshorar lafiya ta jihar, wato KECHEMA, su sanya inhelar kariya cikin magungunan da ake samu a ƙananan asibitocin karkara, domin farashinsa ya yi tashin gwauron zabo tun 2023, sannan a koya wa ma'aikata nuna yadda ake shaƙa. Iyaye kuma su sani, idan yaro ya kasa haɗa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka canja launi, ko shuɗin inhelar bai yi aiki ba, a garzaya asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Naka,
Wani mahaifi daga Argungu, Jihar Kebbi