A riƙa koya wa ɗalibai bitar manhajar da wasu suka rubuta

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani aiki da ba a cika ganin masu yinsa ba. Sana'ata rubuta manhaja ce. Makon jiya na yi kwana uku ina bitar gyaran da abokin aikina ya yi a sashen da ke ɗauko fayiloli daga faifan kwamfuta. A da, in manhaja ta nemi fayil, tsayawa take cak har ya iso. Yanzu sai ta aika, ta ci gaba da harkarta, kamar uwar da ta aiki yaro kasuwa ta koma kan girki.

Sauri kam an samu. Amma a rana ta uku na gano cewa in aka rufe fayil kafin bayanan su dawo, sai su sauka a gurbin ajiya da tuni aka ba wani aikin. Gwaje-gwajenmu duk sun wuce lafiya, ba su kama wannan ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Manya ma sun taɓa shiga wannan. A 2019 wani marubucin manhaja, Jens Axboe, ya shigar da wani tsari mai suna io_uring cikin Linux 5.1, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don irin wannan ɗauko fayil marar jira, amma a 2023 Google ta sanar da kashe shi a ChromeOS, manhajarta ta kwamfuta, da taƙaita shi a Android saboda ɓarakar tsaro. Wayoyin Android da ke aljihunmu kuwa a kan Linux suke tafiya.

Don Allah malaman kwamfuta a jami'o'inmu su riƙa ba ɗalibai aikin bitar rubutun juna, a kuma ba su maki a kai.

Naku,
Mai karatu daga Zariya